Sa'ad da Gaba Ya Faɗi: Yadda Kirista Zai Fuskanci Tsoro Mataki-Mataki

Amsar farko da ɗan Adam ya ba Allah bayan ya yi zunubi maganar tsoro ce. A Farawa 3:10 Adamu ya ce ya ji motsin Allah a cikin gonar, sai tsoro ya kama shi domin tsirara yake, ya je ya ɓuya. Tun daga ranar ba a haifi wanda bai san faɗuwar gaba ba, kuma ɓuyar da Adamu ya fara ita muke yi har yau.

Mu masu bi ma mun ƙware a ɓoyo. Mutum ya kwana yana juyi bai runtsa ba, gari ya waye ya shirya tsaf ya tafi sujada, a tambaye shi yaya gida ya ce sai godiya. Yana ganin in ya buɗe baki ya ce tsoro yake ji, za a ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Sai ya zama yana ɗauke da kaya biyu, ga tsoron, ga kunyar tsoron. Na biyun nan za mu fara saukewa, domin ba Allah ne ya ɗora shi ba. Bulus da kansa ya rubuta wa Korantiyawa cewa da rashin ƙarfi da tsoro da rawar jiki ƙwarai ya zo wurinsu (1 Korantiyawa 2:3). Dawuda da ya kashe Goliyat, shi ne dai ya yi haukan ƙarya a gaban Akish sarkin Gat, miyau na dalala a gemunsa, don ya tsira da ransa. Zabura 56, wadda rubutun da ke samanta ya danganta ta da lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, a cikinta ne ya ce a ranar da ya ji tsoro ga Allah zai dogara. Ka lura, tsoron da dogarar a rana ɗaya suke, a zuciya ɗaya.

Saboda haka jagorar nan ba ta yi maka alkawarin za ka zama dutse ba. Tsoro mai gadi ne da Allah ya ajiye a bakin ƙofarka. Abin da ya lalace shi ne mai gadin ya shigo ya zauna a kujerar maigida, shi ke faɗin inda za a je da wanda za a yi wa magana. Aikinmu mu mayar da shi bakin ƙofa.

Mataki na farko: ka tantance wane tsoro ne

Kalma ɗaya muke kira, amma abu uku ne.

Akwai tsoron da aka halicce mu da shi domin kariya. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa ya hango haɗari ya buga ƙararrawa tun tunani bai gama auna abin ba. Nan take wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Jiki ne ke shirin gudu ko faɗa. Wannan ba aljani ba ne, ba zunubi ba ne. Karin Magana 22:3 ta yaba wa mai hankali da ya hango masifa ya kauce mata. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare zuwa Masar saboda Hirudus, kuma mala'ika ne ya umarce shi. An zuraro Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu da dare. Babu wanda Littafi Mai Tsarki ya kira marar bangaskiya a cikinsu. Aibin ƙararrawar nan ɗaya ne, ba ta iya bambance maciji da igiya. Shi ya sa ake cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai tsoron Allah, wanda Karin Magana 9:10 ta kira mafarin hikima. Wannan girmamawa ce da sanin wane ne mai iko na ainihi, kuma shi ne ke rage girman sauran tsoro. Unguwar zoma biyu, Shifra da Fu'a, sun ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza domin suna tsoron Allah (Fitowa 1:17). Ba wai Fir'auna ya daina zama abin tsoro ba ne, sun dai sami wanda ya fi shi. A Markus 4 ma haka. Almajirai sun firgita da guguwa, amma bayan Yesu ya tsawata wa iska ruwa ya kwanta, sai Markus ya ce suka tsorata ƙwarai suna tambayar juna wane ne wannan. Babban tsoro ya haɗiye ƙarami.

Na uku shi ne wanda ya kawo ka nan, tsoro mai bautarwa. Za ka gane shi ta aikinsa. A misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 25, bawan da aka ba talanti ɗaya ya ce tsoro ya ji, shi ya sa ya je ya binne dukiyar a ƙasa. Ka tambayi kanka, me tsoron nan yake sa ni yi, me kuma yake hana ni? In yana sa ka kulle ƙofa ka kwanta, mai gadi ne yana aikinsa. In yana sa ka yi ƙarya, ko ka ƙi zuwa gwajin asibiti, ko ka ƙi neman gafarar wanda ka ɓata wa, ko ka binne baiwarka, to ya hau kujerar da ba tasa ba.

Mataki na biyu: ka kira shi da sunansa, ka rubuta

Tsoro ya fi ƙarfi a cikin duhu, lokacin da ba shi da suna. “Hankalina a tashe yake” ba ta ba ka abin kamawa. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuza, ya aika wa sarki Hezekiya wasiƙar barazana. Hezekiya ya karanta, ya haura Haikali, ya shimfiɗa wasiƙar a gaban Ubangiji (2 Sarakuna 19:14). Bai yi kamar ba a aiko ba. A addu'arsa ma ya amince cewa gaskiya ne sarakunan Assuriya sun hallaka al'ummai.

Ka ɗauki takarda da biro. Ka rubuta jimla ɗaya da ta fara da “Ina tsoron kada...”. Sa'an nan ka tambayi kanka, in ya faru sai me? Ka rubuta amsar, ka sake yin tambayar, har sau uku ko huɗu. Wanda ya fara da “kada in rasa aikina” zai iya gangarowa zuwa “ba zan iya riƙe iyalina ba”, daga nan zuwa “za a raina ni”, daga nan ya tarar ashe a kan aikin ya jingina darajarsa duka. Can ƙasan nan saiwar take. Yawanci za ka tarar da ɗaya daga cikin huɗu: tsoron mutane, tsoron rashi, tsoron hukunci, ko tsoron mutuwa.

Bayan haka ka raba takardar gida biyu. A gefe ɗaya abin da ke hannunka, a ɗayan abin da ba ya hannunka. Za mu koma wa wannan takarda, kada ka yar.

Mataki na uku: ka fara da jikinka

Na sa wannan kafin addu'a da gangan, domin haka Allah ya yi da Iliya, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa.

A 1 Sarakuna 18 Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama. A sura ta gaba sarauniya Yezebel ta aiko masa saƙo cewa gobe war haka ransa zai zama kamar nasu. Mutumin da bai girgiza gaban taro ba, saƙo ɗaya ya sa ya ranta a na kare. Ya kai Biyer-sheba ya bar baransa, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Me Allah ya yi? Bai yi masa wa'azi ba. Bai tuna masa da wutar jiya ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa aka ce ya ci domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka soma maganar abin da ke damunsa. Can ma ba cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta Ubangiji ya zo ba, cikin murya 'yar siririya ya zo. Sa'an nan ya gyara masa lissafi: Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya ce akwai 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, Elisha.

Mutumin da ya gaji, bai yi barci ba, bai ci ba, komai zai yi masa girma. Da yawan abin da muke kira yaƙin ruhaniya da ƙarfe uku na dare, in aka sami barci mai kyau sai a ga rabinsa ya tafi. Don haka ka gyara lokacin kwanciyarka. Ka rage kofi da sauran abin sha masu hana barci, domin suna ƙara bugun zuciya su ba jiki alamun firgici. Ka daina kwanciya da waya a hannu kana bin labaran tashin hankali ɗaya bayan ɗaya. Sanin halin da duniya ke ciki daidai ne, amma sau ɗaya ko biyu a yini ya isa. Ka riƙa motsa jiki, ko tafiyar ƙafa ce ta minti 20 zuwa 30, domin sinadarin da jiki ya saka don gudu yana bukatar inda zai tafi.

In firgici ya taso maka farat ɗaya, ga abin yi. Ka zauna. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin zuciya. Ka yi haka na minti biyu ko uku, kana haɗawa da gajeriyar addu'a: da shaƙa ka ce “Ubangiji”, da fitarwa ka ce “kana tare da ni”. Irin wannan firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sa'an nan ya fara sauka da kansa, ko da a lokacin kana jin kamar ranka zai fita. Amma in karo na farko ne kake jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ka je likita ya duba ka, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa tsoro ne kawai.

Mataki na huɗu: ka yi addu'ar gaskiya

Addu'ar mai tsoro ba ta bukatar ado. A Getsamani Yesu ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana shan wahala matuƙa har kamar ya mutu. Luka ya ce guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon, ya faɗi abin da yake so ƙarara, sa'an nan ya ce ba nufinsa ba sai na Uba. Ya maimaita har sau uku. In Ɗan Allah bai ɓoye damuwarsa a addu'a ba, kai wa kake yi wa ƙarfin hali?

Da aka gaya wa Yehoshafat sarkin Yahuza rundunar Mowabawa da Ammonawa na tafe, 2 Tarihi 20 ta ce ya tsorata, ya juya ya nemi Ubangiji. Ƙarshen addu'arsa a aya ta 12 shi ne abin da na fi komawa gare shi: ba mu da ƙarfi, ba mu san abin da za mu yi ba, amma idanunmu na gare ka. Filibiyawa 4:6-7, wadda Bulus ya rubuta yana ɗaure, ta ba da tsari: ka faɗi roƙonka takamaimai, ka haɗa da godiya, salamar Allah kuwa za ta tsare zuciyarka da tunaninka. Ka lura da abin da aka alkawarta. Salama ce mai tsaro, ba a ce lallai za a yi yadda ka roƙa ba.

Yanzu ka ɗauko takardar nan. Gefen abin da ba ya hannunka, ka karanta wa Allah shi ɗaya bayan ɗaya, da baki, kana cewa wannan na miƙa maka. Abin da 1 Bitrus 5:7 ke nufi da zuba masa dukan damuwarka ke nan. Za ka ga bayan awa guda ka sake ɗauko kayan da ka miƙa. Kada ka yi mamaki, ka sake miƙawa. Wani lokaci sau goma a yini. Gefen abin da ke hannunka kuwa, ka roƙi abin da ikilisiyar farko ta roƙa da aka yi wa Bitrus da Yahaya barazana. A Ayyukan Manzanni 4:29 ba su ce a kawar da masu barazanar ba, sun ce Ubangiji ya dubi barazanar, ya ba bayinsa gaba gaɗi.

Mataki na biyar: ka binciki rahoton da tsoro ke kawo maka

Musa ya aiki 'yan leƙen asiri 12 zuwa Kan'ana, suka yi kwana 40. Dukansu ƙasa ɗaya suka gani, birane masu garu ɗaya, ƙattin mutane ɗaya. Goma suka dawo suka ce mun ga kanmu kamar fara, haka kuma muke a idonsu (Littafin Ƙidaya 13:33). Wa ya gaya musu yadda suke a idon mutanen Kan'ana? Ba wanda suka tambaya. Shekara 40 bayan haka Rahab ta gaya wa wasu 'yan leƙen asirin cewa zukatan mutanen ƙasar sun narke saboda tsoron Isra'ila. Halin tsoro ke nan. Yakan ɗauki gaskiya guda, ya lulluɓe ta da zato goma, ya miƙo maka duka a matsayin labari tabbatacce.

Ka yi wa kowane tunani tambayoyi uku. Me na sani tabbas, me kuma nake zato? Sau nawa na taɓa jin irin wannan tsoron abin bai faru ba? Ina Allah yake a cikin hoton da nake zanawa? Tambaya ta ukun ita ce ta raba Kalibu da Joshuwa da sauran goman. Ba su musanta ƙattin ba, sun dai sa Ubangiji cikin lissafi.

Sa'an nan ka tanadi abin mayarwa. Ka haddace ayoyi kaɗan, uku ko huɗu sun isa, waɗanda suka dace da saiwar da ka gano. Mai tsoron mutane ya riƙe Karin Magana 29:25, wadda ta ce tsoron mutum tarko ne. Mai tsoron rashi ya zauna cikin Matiyu 6:25-34. Mai jin an yashe shi ya riƙe Ishaya 41:10. Akwai maganar da ke yawo cewa “kada ka ji tsoro” ta zo sau 365 a Littafi Mai Tsarki, ɗaya don kowace rana. Tana da daɗin ji, amma wanda ya zauna ya ƙirga ba zai sami hakan ba, kuma ba ma bukatarta. Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne sau da yawa umarnin yakan zo da dalili a bayansa, dalilin kuwa shi ne “gama ina tare da kai”. Ishaya 43:2 ba ta ce ba za ka shiga ruwa ba. Ta ce sa'ad da ka ratsa ruwa, yana tare da kai.

Nan zan ja kunne. Aya ba laya ba ce. Maimaita Zabura 91 sau bakwai ba ya ɗaure hannun Allah, Shaiɗan ma ya ɗauko daga wannan zaburar ya jarraba Yesu da ita. Bangaskiyar da ke jure tsoro ita ce ta Shadrak da Meshak da Abed-nego a gaban Nebukadnezzar: Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi sujada ga gunkinka ba (Daniyel 3:17-18). Wanda salamarsa ta rataya ga “ba zai faru ba” kullum yana ɗar-ɗar, domin ya san yana iya faruwa. Wanda ya kai ga “ko ya faru, ina hannun Allah” ya sami wurin tsayawa.

Ka kuma buɗe ɗan littafin tuni. Dawuda ya tunkari Goliyat yana lissafa zaki da beyar da Ubangiji ya cece shi daga gare su. Ka rubuta naka, da kwanan wata. Mai tsoro yana da saurin mantuwa.

Mataki na shida: ka taka, ko ƙafarka na rawa

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, suna jiran tsoro ya tafi tukuna. Ba zai tafi da jira ba. Duk lokacin da ka kauce wa abin da kake tsoro, kana samun sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwarka kuma ta riƙe cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Masu kula da lafiyar tunani suna magance wannan ta hanyar sa mutum ya fuskanci abin da kaɗan-kaɗan, har jiki ya koyi cewa ƙararrawar ƙarya ce.

Haka Allah ya bi da Gidiyon. Ya same shi yana sussukar alkama a ɓoye a wurin matsewar inabi saboda Madayanawa. Aikin farko da ya ba shi na cikin gida ne, ya rushe bagaden Ba'al na mahaifinsa. Gidiyon ya yi, amma da dare, domin yana tsoron mutanen gidansu da na garin (Littafin Mahukunta 6:27). Ba a tsawata masa ba, an karɓi biyayyar daren. Ko a daren yaƙi, bayan rundunarsa ta ragu daga 32,000 zuwa 300, Allah ya ce masa in yana jin tsoro ya tafi da baransa Fura su saurari abin da ake faɗa a sansanin abokan gaba. Ya kuwa tafi da Fura, ka ga ashe yana jin tsoron.

Ka yi wa kanka tsani. Ka rubuta matakai biyar zuwa takwas, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Mai tsoron magana a gaban jama'a ya fara da yin addu'a da murya shi kaɗai a ɗaki, sai tare da mutum ɗaya, sai karanta aya ɗaya a ƙaramin taron nazari, a haka har ya kai ga tsayawa gaban ikilisiya. Ka tsaya a kowane mataki har bugun zuciyar ya ragu, ka maimaita shi kwanaki, sa'an nan ka hau na gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan tsanin na tsoron da ya wuce gona da iri ne. In haɗarin na gaske ne, kamar mai zama da wanda ke dukansa ko yi masa barazanar kisa, matakin bangaskiya shi ne ya nemi mafaka ya kai ƙara.

Dogara ga Allah ba ta kore shiri. Nehemiya, wanda ya ce ya tsorata ƙwarai a gaban sarki, da maƙiya suka ƙulla masa makirci ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Garun Urushalima da suke ginawa ya ƙare cikin kwana 52. A 1527 da annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, Martin Luther ya ƙi barin garin domin ya kula da marasa lafiya, amma a rubutun da ya yi a kan batun ya ce a sha magani, a tsabtace gidaje, a guji cuɗanyar da ba dole ba, ya kuma kira ƙin yin haka gwada Allah.

Mataki na bakwai: kada ka tafi kai kaɗai

Bulus ya ce da suka isa Makidoniya faɗa ne a waje, tsoro a ciki, amma Allah ya ta'azantar da su ta wurin zuwan Titus (2 Korantiyawa 7:5-6). Ba wahayi aka aiko masa ba a wannan karon, aboki aka aiko. A watan Janairun 1736 John Wesley, limami ne cikakke a lokacin, yana cikin jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka guguwa ta taso, ya ga yadda tsoron mutuwa ya kama shi alhali wasu masu bi 'yan Morabiya suna ci gaba da waƙa. Ganin nan ne ya sa ya shiga binciken bangaskiyarsa. Ƙarfin zuciya ana ɗaukarsa daga mutane, kamar yadda ake ɗaukar tsoro.

Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana, ka nuna musu takardar nan. Ka guji mai cewa “ai ba ka da bangaskiya ne”. Ka fi gudun masu cinikin tsoro, waɗanda kullum sun ga mutuwa ko maƙiyi a kanka, kuma maganin yana wurinsu kaɗai, sai ka biya. Duk hidimar da ke ƙara maka fargaba tana ɗaure ka ga mutum, ka auna ta da Romawa 8:15, inda aka ce ba ruhun bauta muka karɓa da za mu koma cikin tsoro ba.

Akwai kuma lokacin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a 2019, kuma tana da magani. In tsoro ya hana ka barci ko aiki ko fita makonni a jere, in firgici na maimaituwa, in wani mummunan abu da ya same ka yana dawo maka a mafarki da farke fiye da wata guda, ka je asibiti. Wasu cututtukan jiki ma, kamar yawan aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, suna zuwa da kamannin fargaba. In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa, yau ɗin nan ka gaya wa wani, kada ka jira gobe. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Fasto da likita ba kishiyoyi ba ne.

Saiwoyi biyu mafi zurfi

Wasu masu bi, Allah da kansa suke gudu. Kowace masifa ta zo sai su ce hukuncin wani tsohon zunubi ne. Ayar da ake yawan ambata, cewa cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro, a kan wannan take magana, domin 1 Yahaya 4:17-18 ranar shari'a take nufi, ta ce tsoro yana tattare da hukunci. Ƙaunar da ke korar tsoron ita ce wadda aya ta 10 ta bayyana, cewa shi ya ƙaunace mu ya aiko Ɗansa hadaya saboda zunubanmu. In akwai zunubin da ka sani, ka furta, ka gyara abin da ke gyaruwa, ka karɓi Romawa 8:1 yadda take: babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu.

Tsoron mutuwa kuwa shi ne uwar sauran. Ibraniyawa 2:14-15 ta ce Yesu ya ɗauki nama da jini domin ta wurin mutuwarsa ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk kwanakin ransu. Ba a warkar da wannan da ƙin tunaninsa. Ka zauna da rana tsaka, ba da dare ba, ka karanta 1 Korantiyawa 15 gaba ɗaya, a hankali. Ka yi abubuwan da ke gefen hannunka: ka shirya da wanda kuka ɓata, ka rubuta wasiyya, ka gaya wa naka abin da kake so su sani.

In ya dawo

Zai dawo. Bitrus da ya yi musun Yesu sau uku, aka maido shi, ya tsaya gaban majalisa gaba gaɗi, shi ne bayan shekaru ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron masu ra'ayin kaciya, har Bulus ya tsawata masa a fili (Galatiyawa 2:11-12). Tsohon tsoron mutane ne ya sake leƙowa. Ranar da naka ya leƙo, ka duba barcinka na makon, ka ɗauki sabuwar takarda ka raba ta biyu, ka kira mutumin nan naka, ka koma matakin tsanin da ka fi iya takawa ka ci gaba daga can.